Takunkumin Mai Hanci

Kafinta ya dangwarar da galan ɗin a kan benci, ya kwance murfin, ya ja da baya yana goge hannu a jikin wando.

"Mai Hanci, taimaka ka shinshina mini wannan. Sabon mai kawo kaya ne, bakinsa ya cika zaƙi, ban yarda da shi ba."

Mai Hanci ya ajiye samfefar da ke hannunsa. Shekara talatin da ɗaya yana feshin fenti a jikin kujeru da gadaje da ƙofofin kabad, kuma a duk layin masu aikin katako babu mai sayen tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, sai ya fara kawo masa ya shinshina. Daga nan sunan ya samo asali. Ko matarsa, in ana zaman daɗi, da shi take kiransa.

Ya sunkuya ya kai hancinsa bakin galan ɗin, ya lumshe ido, ya ja numfashi a hankali kamar yadda ya saba. Bai ji komai ba. Shekara uku ke nan ba ya jin komai, ba warin tina, ba ƙamshin sabulu, ba hayaƙin janareto. Kaɗan-kaɗan abin ya tafi, kamar rediyon da batirinsa ke mutuwa, har wata safiya ya buɗe gwangwanin banish, ruwan sa wa katako sheƙi, ya ji kamar ruwan famfo ya buɗe. Bai gaya wa kowa ba.

Da zai ɗago sai ya bar yatsansa ya taɓa bakin galan ɗin, kamar ba da gangan ba. Ya murza ɗigon a ɓoye. Tina mai kyau takan yi sanyi, ta bushe kafin mutum ya ƙirga biyar, ta bar fata fari fat. Wannan kuwa ta tsaya tana sheƙi, da ɗan maiƙo-maiƙo.

"An zuba mata kananzir," in ji shi. "Ba da yawa ba, amma an zuba. Mayar masa da abinsa."

"Na faɗa!" Kafinta ya tafa hannu. "Wallahi hancin nan naka ya kamata a yi masa inshora."

Mai Hanci ya buɗe baki zai mayar masa da martani, tari ya riga shi. Ya dafa benci ya yi ta yi har idonsa ya kawo ruwa. Da ya lafa ya ɗago, sai ya ga 'yarsa tsaye a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, takardar asibiti a hannu. Ita ce ƙarama a cikin 'ya'yansa huɗu, kowa Auta yake ce mata. Kimiyya take koyarwa a wata makarantar sakandare, kuma tun tana ƙarama ba ta da yawan magana, sai kallo.

"Baba, na ɗauki hutun yau. Mu je."

"Ina da ƙofofi shida da ke jiran feshi na biyu."

"Za su jira," in ji Kafinta. "Nawa ne ai. Tafi, Auta ta fi ka gaskiya."

Ranar Litinin likita ta sa shi ya hura wani bututu har sau uku, ta daɗe tana kallon lambobin da suka fito. Ya gaya mata ai yana ɗaura hankici a fuska, kuma bayan kowane feshi yana shan madara kofi guda, kamar yadda maigidansa ya koya masa tun yana sabon shiga, don ta wanke fentin. Likitar ta yi murmushi ta ce, "Baba, madara ciki take tafiya, fenti kuma huhu. Ba sa haɗuwa a hanya." Sannan ta daina murmushin. Ko dai ya sami takunkumi na gaske, irin na masu sana'arsa, ko ya ajiye bindigar fenti. Wata uku ta ba shi. In ya dawo lambar ta ƙara sauka, ita da kanta za ta ce ya bari.

Shi kuwa bai iya wani aiki ba. Kuma ba rashin iyawa ne kaɗai ba. Yana son lokacin nan da fenti ke kwanciya a kan katako sumul, ya ga fuskarsa a jikin ƙofar da sa'a guda da ta wuce take busasshiyar allo.

Suka shiga bas. A tasha ta uku wani mutum ya hau da buhu yana ɗigar ruwa, nan take mutane suka fara toshe hanci, wata mata tana cewa a buɗe taga don Allah, kifin nan ya kwana biyu da rasuwa. Mai Hanci ya dubi fuskokinsu, shi ma ya yamutsa tasa, ya ɗaga hannu ya rufe hanci. Ya ɗan makara, kamar kullum, amma wa yake lura? Auta tana kallon taga.

Shagon kayan kariyar ma'aikata yana can ƙarshen wata doguwar baranda, tsakanin mai sayar da fanfuna da mai gyaran injin ɗinki. Hulunan kwano rawaya sun yi layi a sama, takalman ƙarfe a ƙasa, safar hannu ɗauri-ɗauri. Mai shagon mace ce mai jiki, ta kai shekara hamsin, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Tana cin gyaɗa suka shiga.

Mai Hanci ya yi sallama, ya miƙa hannu kai tsaye ya ɗauko fakitin fararen takunkumi na takarda.

"Wannan ya isa. Mu tafi, Auta."

"Malam, tsaya tukuna," in ji mai shagon, tana kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. "Me kake yi da zai isa?"

"Fenti."

"Da buroshi ko da bindiga?"

"Da bindiga."

"To ajiye wannan. Na ƙura ne. In kana goge katako da samfefa, sa shi, Allah ya ba da lada. Amma tururin tina ratsa shi yake yi kamar ruwa a kwando. Ka ɗauka ka rufe fuska, alhali kanka kawai ka yi wa dabara."

Auta ta miƙa mata takardar likita. Matar ta ɗora tabarau a hanci ta karanta, sannan ta shiga jero tambayoyi kamar 'yar sanda. Wane irin fenti? Banish fa? Sa'a nawa a rana? Wurin yana da taga nawa? Akwai fanka mai jan iska waje? Yana taɓa fesa fentin mota, irin wanda ake haɗa shi da ruwa na biyu don ya yi tauri?

"A'a, Hajiya. Ni katako ne nawa."

"Ka taimaki kanka. Da shi kake fesawa da ban sayar maka da komai a nan ba, sai mai tiyo da ke kawo iska daga waje."

Ta shiga ciki ta fito da takunkumin roba guda biyu masu igiyoyi, da wasu gwangwanaye biyu faffaɗa a cikin leda a rufe. Ta jera su a kan tebur.

"Robar nan ba ta tace komai, aikinta ta manne a fuska. Masu aikin su ne waɗannan." Ta girgiza gwangwanin a kusa da kunnensa. "Gawayi ne a ciki, shi yake shanye tururin. A kansa kuma a ɗora wannan farin fefen, ya tare ɗigon fenti kada ya toshe gawayin. 'Yata, ke da kika yi boko, zo ki karanta. Kada ki bi launi, kowane kamfani da ƙasar da ya fito da irin launinsa. Rubutun za ki bi. Akwai na ƙura, akwai na asid, akwai na tururin fenti. Wani ya zo nan ya ɗauki na asid don launin ya yi masa kyau da rigar aiki."

Auta ta yi 'yar dariya, ta sunkuya tana karantawa da yatsa.

Aka sa masa na farko. Matar ta ce ya rufe bakin gwangwanayen da tafin hannu ya ja numfashi. Ya ja, iska ta shigo ta gefen karan hancinsa tana fito.

"Ya yi kaɗan. Malam, Allah ya yi maka hanci."

"Mai Hanci ake ce masa, Mama," in ji Auta a hankali.

"Ai ba su yi ƙarya ba."

"Ba don girmansa ba ne," ya faɗa daga cikin robar, muryarsa kamar daga cikin tulu. "Don aikinsa ne. Duk layinmu ni nake gane tina mai algus."

Bai san abin da ya sa ya faɗa ba. Sabo ne.

Na biyun ya fi zama. Ya rufe, ya ja, robar ta ɗan lotsa ta kama kumatunsa. Amma matar ta tsaya tana kallon sajensa, wanda ya sauko daga kunne har kusa da haɓa, furfura ta ci rabinsa.

"Sajen nan zai ba mu matsala. Roba ba ta manne wa gashi."

"Hajiya, da sajen nan aka ba ni aure."

"Ai an riga an ba ka, ba za a karɓe ba."

"Ba na aske shi."

"To, ba sai mun yi gardama ba. Gwaji zai raba mu." Ta jawo aljihun tebur ta ɗauko wata 'yar kwalba. "Cire takunkumin. Zan buɗe wannan, ka gaya mini ƙamshin me ka ji. Sannan ka mayar da takunkumin in sake buɗewa. In ka ji shi a ciki, akwai kafa. In ba ka ji ba, sajenka ya tsira. Kuma haka za ka riƙa yi a wurin aiki: ranar da ka ji warin tina a cikin roba, gawayi ya ƙoshi, ka fita waje nan take ka canza. Kai da kake Mai Hanci ai abin ya zo maka da sauƙi."

Ta ɗiga ruwan a kan auduga ta miƙo.

Ya dubi audugar. Ruwan ba shi da launi. Babu bakin galan da zai goga yatsa, babu fuskar da zai kwaikwaya, don matar ta kafe shi da ido ta saman tabarau, Auta kuma ta sunkuyar da kai tana kallon tayil. Ya lumshe ido ya ja numfashi. Lemo? Turare? Man shafawa?

Sai wani ƙato da ke gwada takalmin ƙarfe a can gefe ya ɗago kai.

"Kai, wa yake cin ayaba a nan bai yi mana tayi ba?"

"Ayaba," in ji Mai Hanci. "Ayaba ce, wadda ta nuna sosai."

Matar ta dube shi ta saman tabarau. Ta sa ya mayar da takunkumin, ta zagaya da audugar ta gefen kumatunsa, ta ƙarƙashin haɓa, ta ce ya juya kai, ya sunkuya, ya ƙirga ɗaya zuwa goma.

"Ka ji wani abu?"

"Ko kaɗan."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

"To," in ji ta, tana jan kalmar. "Ga alama sajenka ya tsira."

Ta zuba kayan a jaka. Ta yi ɗan rubutu a bayan rasit, ta ninke, ta danƙa wa Auta a hannu. Suka yi godiya suka fito.

Tashar bas ɗin komawa tana ɗaya gefen titi, sai an hau gadar masu tafiya a ƙasa. Ya fara hawa da ƙarfinsa, jakar na lilo a hannunsa, yana jin kamar wanda ya tsallake rami. A matakala ta goma sha biyar ƙirjinsa ya ɗaure. A ta ashirin ya san ba zai kai sama ba sai ya tsaya, ga mutane na ta wuce shi, har da wata tsohuwa mai kwando a ka. Kafin ya kai hannu ga ƙarfen gadar sai Auta ta ce, "Baba, ɗan jira ni," ta durƙusa tana taɓa takalminta.

Ya jingina yana mayar da numfashi, yana kallon ta. Takalmin nata silifa ne mai rufin gaba, ba igiya, ba maɗauri. Ta cire shi, ta kaɗe, ta leƙa ciki, ta sake kaɗewa. Ba abin da ya faɗo.

"Me ya sami takalmin?"

"Tsakuwa ce, Baba."

"Ranar Litinin a matakalar asibiti ma tsakuwa ce?"

Ta ci gaba da juya takalmin a hannu.

Motoci na ta wucewa a ƙarƙashinsu. Ya tsaya yana kallon tsakiyar kanta, sai waɗansu abubuwa suka fara dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Matarsa, wadda da can ba ta da surutu a kan girki, 'yan shekarun nan ba ta ajiye masa kwano sai ta ce, "Ka ji yadda albasar nan ta yi ƙamshi," shi kuma ya ce ƙwarai kuwa. In ya ɗauko riga zai sa, ta karɓe ta ce wannan ta sha zufa, ga wata. In ya sa turare ranar biki, ta ce ya isa haka, tun bai kai ga fesa na uku ba. Ya ɗauka tsufa ne ya sa ta yawan magana.

"Auta. Tun yaushe?"

"Numfashin?"

"Hancin."

Ta mayar da takalmin a ƙafa ta miƙe, amma ba ta dube shi ba.

"Ranar da tukunya ta ƙone. Kana zaune a ƙofar kicin kana gyara fitila, maƙwabta har sun leƙo ta katanga, kai ba ka ɗago ba. Umma ta tara mu ta ce duk wanda ya yi maka maganar, ita da shi ne. Ta ce sunanka ne, a bar maka abinka."

"Shekara uku."

"Da wata biyu."

Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin a ƙirjinsa bai same shi ba. Wani abu ne dabam a wurin, mai nauyi da ɗumi. Ya dubi jakar da ke hannunsa. Mai shagon ta ce ranar da ya ji wari ya canza. Ranar ba za ta taɓa zuwa ba. Zai yi ta fesawa da gwangwanin da ya ƙoshi, ko da kafa a gefen saje, yana jin kansa a tsare, har wata uku su cika ya je ya hura bututu.

"Da na yi shiru har gida fa?" ya tambaya. "Me za ki yi?"

"Ban sani ba, Baba. Tun a shagon nake ta addu'a."

Ya juya ya fara sauka, ya nufi shagon.

Mai shagon ta koma kan gyaɗarta. Ƙaton mai takalmi ya tafi. Mai Hanci ya ajiye jakar a kan tebur, ya cire hularsa ya sake mayarwa.

"Hajiya, ban ji ayabar nan ba. Wancan bawan Allah ne ya faɗa, na ɗauka a bakinsa. Ba na jin wari. Shekara uku."

"Da wata biyu," in ji Auta, can ƙasa-ƙasa.

Matar ta tauna gyaɗar da ke bakinta ta haɗiye.

"'Yata, karanta masa abin da na rubuta miki."

Auta ta warware rasit ɗin. A bayansa an rubuta lambar waya, da layi ɗaya: Kada ya yi feshi sai kin kira ni.

"Wanda ya ji ayabar nan yakan ja kansa baya, don tana da ƙarfi," in ji matar. "Kai kuwa ka tsaya kana leƙen audugar kamar za ta yi maka magana. Ban so in tsinka ka a gaban 'yarka da wani ƙato ba." Ta ture kujera da ƙafa. "Zauna, Malam. Kana tsammanin kai ne na farko? Masu fenti da yawa da suka daɗe a sana'ar haka suke zuwar mini. Mijina shekara ashirin da shida ya yi yana fesa ƙofofin ƙarfe. Sai da na zuba masa turarena a hankici ya ce kananzir ne na gane. Lokacin ba wanda ya san wani gawayi, madara kawai." Ta gyara tabarau. "Bayan rasuwarsa na buɗe shagon nan. Harshenka yana aiki?"

"Harshe?"

"Kana jin ɗaci?"

"Ina ji."

"To shi ke nan, muna da abin aiki."

Ta ɗauko wata jaka mai tagar leda ta kifa masa a kai har kafaɗa, ta fesa wani ruwa ta wata 'yar kafa, ta ce ya buɗe baki ya yi numfashi. Ɗaci ya cika masa harshe, ɗacin da ya fi na kowane magani da ya taɓa sha. Ya fizge jakar yana tofar da yawu a hankici, Auta ta juya baya kafaɗunta na rawa.

"Madalla," in ji matar. "Wannan ba ka ara a bakin kowa ba."

Ta ba shi ruwa ya kurkure baki, aka jira ɗacin ya wuce. Sannan ya sa takunkumin da gwangwanayensa da fararen fefen, aka sake kifa jakar, ta sake fesawa. Da farko ba ɗaci. Ta ce ya juya kai hagu. Yana juyawa ya ji shi, siriri, yana shigowa ta gefen kumatu, daidai inda sajen yake.

Ya ɗaga hannu.

"Ta ina?"

Ya nuna.

"To, Malam. Saje ko bindiga?"

Akwai mai aski a bayan barandar. Minti goma aka yi. Da ya dawo, kumatunsa sun yi fari kamar katakon da aka goge, Auta ta dube shi ta rufe baki da gyale.

"Faɗi abin da ke ranki."

"Ka koma kamar Yaya Babba."

"Yayanki ne ya koma kamar ni."

A gwaji na uku ya juya hagu, ya juya dama, ya sunkuya, ya ƙirga har ashirin, ya yi dariya ma da gangan don robar ta motsa. Harshensa bai ji komai ba.

Sai matar ta zaunar da su ta yi musu karatun da ta ce ya fi takunkumin muhimmanci. Tunda hanci ya yi ritaya, agogo ne zai karɓi aikinsa. Ranar da aka fasa ledar gwangwani, a rubuta kwanan wata a jikinsa. Duk feshi a rubuta lokacin farawa da na gamawa. Ta duba takardar kamfanin, ta yi lissafi da irin fentinsa da ƙarancin tagoginsa, ta rubuta adadin sa'o'i, sannan ta soke ta rubuta ƙasa da haka. In sun cika a jefar, ko da gwangwanin yana sheƙi kamar sabo. In kuma an tashi aiki, kada ya kuskura ya rataye shi a ƙusa.

"Na san ku. Sai ku rataye shi a saman galan ɗin tina don kowa ya ga kun saya. Gawayi bai san an tashi aiki ba, yana nan yana shan warin shago har gari ya waye. A cire, a sa a roba mai murfi, a rufe ruf." Ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ɗauko robar gyaɗarta, ta juye sauran gyaɗar a takarda, ta goge robar da tsumma ta miƙa masa. "Ungo. Wannan kyauta ce. Kuma a fasa bango a sa fanka, takunkumi ba shi kaɗai zai yi yaƙin ba."

Ya karɓa da hannu biyu.

"Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki."

"Amin. Wata uku in ka hura bututun, ka aiko 'yata ta gaya mini lambar."

La'asar ta yi lokacin da suka koma layin masu katako. Ƙofofi shida na jingine inda ya bar su. A kan benci ga kofin madara an rufe shi da faranti, matarsa ta aiko kamar kullum. Ya ɗauka ya shanye a tsaye.

"Baba, likita ta ce ba ta wanke komai."

"Na ji. Ummanki ce ta aiko."

Kafinta ya leƙo, ya ga kumatun, ya yi salati.

"Wa ya yi maka fashi?" Bai jira amsa ba ya ɗago wani galan. "Mutumin ya canzo. Ya rantse wannan tsantsa ce. Ɗan shinshina."

Mai Hanci ya dubi galan ɗin, ya dubi Auta. Ta ɗauke kai tana karanta takardar kamfani.

"Na daina shinshinawa," in ji shi. "Ba na jin wari, abokina. Na daɗe ba na ji. Wasan kwaikwayo nake yi muku."

Ya jira. Kafinta ya sosa ƙeya.

"To wa ya ce hancin muke so? Sa yatsan mana."

"Wane yatsa?"

"Wanda kake gogawa a bakin galan kamar ba da gangan ba. Haba, Mai Hanci. Mai walda ne ya fara lura, ranar da taya ta kama wuta a bayan shagonka kana ta waƙa. Muka zauna muka ce to, mutumin nan bai taɓa yi mana kuskure ba, ko da hanci ko ba hanci. Sai muka ci gaba da kawowa." Murmushin ya ɗan ragu a fuskarsa, ya dubi jakar takunkumin, ya dubi galan ɗin da ke buɗe, ya mayar da murfin a hankali. "Mun ɗauka mutunci muke yi maka. Ba mu yi tunanin ƙirjin ba, wallahi."

"Ni ma ban yi ba."

"Baba, kuma ba a fata ba," in ji Auta. Ta ɗauko wani guntun gilashi daga kan taga ta goge shi. "A nan za ka riƙa ɗigawa."

Kafinta ya ɗiga. Su uku suka sunkuya daga nesa suna kallo. Ɗigon ya tsuke, ya ɓace, bai bar ko tabo ba.

"Tsantsa ce," in ji Mai Hanci.

"Shi ke nan. Amma sunan yana nan fa, kada ka sa rai. Mai Gilashi ba ya daɗin kira."

Da Kafinta ya fita, Mai Hanci ya buɗe tagogin biyu har ƙarshe, ya ce wa Auta ta koma can bakin titi inda iska ke kaɗawa. Ya rubuta kwanan wata a jikin gwangwanayen da babban rubutu. Ya ɗaura igiyar sama, ya ɗaura ta ƙeya, ya rufe da tafin hannu ya ja numfashi, robar ta lotsa ta kama sabbin kumatunsa ta riƙe. Ya tayar da kwamfiresa, injin da ke hura wa bindigar iska. Ya jawo ƙofa ta farko, ya ɗaga bindiga, fenti ya fara kwanciya a kan katakon sumul.

Bai ji warin komai ba, kamar jiya, kamar bara. Ya saki kunamar bindigar, ya dubi agogo, ya ɗauki fensir ɗin da ke kan benci ya rubuta a jikin bango: huɗu da minti ashirin.